Kwana Ukun da Babu Rana

A aljihun gaban rigar Sanda Maikano kullum akwai wani abu mai kusurwa huɗu. A gari irin Greensboro, can ƙasar Turawa, inda taba ke ciyar da gidaje da yawa, kowa ya ɗauka kwalin sigari ne. Har matan cocinsu sun taɓa sa shi a addu'a, Allah ya raba shi da wannan hali. Amma Sanda bai taɓa neman ashana wurin kowa ba. Kuma idan zai sunkuya ya ɗaga tukunyar shuka, sai ya dafe aljihun da tafin hagu kamar mai ciwon ƙirji. Kaset ne a ciki, sabo, ko ledarsa ba a ɓare ba, sai dai gumi ya dusashe ta har rubutun jikinta ba ya karantuwa.

Ya zo garin a shekarar 1977, yana da shekara ashirin da takwas, domin karatun aikin gona a jami'ar da ke gabashin gari. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, wajen Ikara. Ubansa, Malam Maikano, Bamaguje ne da ya karɓi addinin Kirista tun yana saurayi, ya zama mai bishara, yana bin ƙauyuka a kan keke. 'Yan mishan sun raba shi da tsafi, sun raba shi da giya, amma kunyar ɗan fari ta gagare su. Sanda ne ɗansa na fari. Tun da aka haife shi uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa dubansa ido da ido ya yi masa magana ba. In yana son ruwa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa yaron nan ya kawo ruwa," ko da su biyu ne kaɗai a zauren. Ranar da Sanda zai tafi, uban ya biyo masu rakiya har bakin titi, ya tsuguna can nesa yana gyaran sarƙar keken da ba abin da ya same ta, har mota ta tashi.

Sanda bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba. Haka ya tashi ya ga ana yi, shi ma bai san wata magana da ubansa ba bayan gaisuwa.

Wata Asabar a watan Nuwamba na 1979 aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a gabashin Greensboro, mutum biyar suka mutu. Ba nisa da ɗakin da Sanda yake haya. Shi yana gonar gwaji ta makaranta a lokacin, sai da ya dawo ya ga 'yan sanda sun cika unguwa. Ya rubuta wa ƙanwarsa Daso wasiƙa, layi shida, ya ce lafiyarsa lau. Bayan wata biyu wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo masa kaset daga gida.

Haka ake yi a lokacin. Waya ba ta kai ƙauye ba, wasiƙa kuma sai an nemi mai karantawa. Sai a aro rikoda, a taru a tsakar gida, kowa ya faɗi tasa, a ba matafiyi. Sanda ya ji muryar Daso, ya ji kukan awaki, ya ji innarsa tana cewa a gaya wa yaron nan ya riƙa sa rigar sanyi. Can kusa da ƙarshe ubansa ya yi gyaran murya.

"Daso. Abin yana ɗauka? To. Ki gaya wa wancan na ƙasar Turawa an ƙure ni a kasuwa. Wani ya tare ni a gaban mutane ya ce, Maikano, ku kuka ce Allah ya yi duniya a kwana shida, ku kuka kuma ce sai a kwana na huɗu ya yi rana. To kwana ukun farko da me aka ƙirga su? Wace rana ce ta faɗi har aka ce yamma ta yi? Na rasa ta cewa. Tunda can littattafai suke, ya bincika mana abin da mutanen farko suka ce. In ya samu kada ya rubuto, idona ya soma hazo. Ya faɗa da bakinsa a cikin irin wannan abin."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da uban ya taɓa aiko masa. Sanda ya maimaita wurin har sau bakwai. Washegari ya shiga kanti ya sayi kaset mafi kyau da suke da shi, ya sa a aljihu, ya nufi laburare.

Ya ɗauka aikin mako biyu ne. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta kai shi wani lungu a hawa na uku, ta nuna masa jerin littattafai masu baƙar fata, fassarar rubuce-rubucen malaman ikilisiya na ƙarnonin farko. Wasu ba wanda ya ara tun kafin a haife shi. Ya sayi ƙananan katuna, duk abin da ya karanta sai ya mai da shi Hausa ya rubuta a kai, irin Hausar da tsoho zai iya ɗauka ya kai kasuwa.

Na farkon da ya samu wani malami ne na Iskandariya, ta ƙasar Masar. Shi a ganinsa ba mai hankalin da zai ɗauka an yi safiya da yamma na zahiri babu rana babu wata. Labarin sutura ce, ma'anar tana ƙarƙashi. Sanda ya ji daɗi, ya ce ya samu. Mako na gaba ya ci karo da wani bishop na ƙasar da yau ake kira Turkiyya, wanda ya yi ta wa'azi a kan kwanakin shida ga talakawa masu sana'ar hannu. Wannan ya ƙi waccan hanyar ƙememe. A wurinsa in an ce ruwa, ruwa ne, in an ce ciyawa, ciyawa ce. Hasken farko ne yake bazuwa yana janyewa bisa ma'aunin da Allah ya sa masa, shi ne dare da rana kafin a yi rana. Sanda ya ajiye katunan biyu gefe da gefe a kan tebur ya daɗe yana kallonsu.

Sai kuma na ukun, wani bishop na Arewacin Afirka, wanda ya fi su tsayawa a kan maganar. Shi ya karkata ga cewa Allah ya yi kome a lokaci guda, ya zuba a cikin halitta abin da zai fito daga baya, kamar yadda kuka take cikin ƙwayarta tun ba ta tsiro ba. Wannan ya shiga ran Sanda, domin manomi ne. Amma da aka zo kan kwanakin su kansu, mutumin bai ɓoye ba: ya yarda cewa sanin irinsu abu ne mai wuyar gaske, wataƙila ma ya fi ƙarfin mutum. Ya taɓa fara littafi a kan wannan shafin farko na littafinsu mai tsarki ya ajiye bai gama ba, ya dawo bayan shekaru ya sake sabon lale.

Ranar Lahadi bayan coci Sanda yakan je cin tuwo gidan Hudu, wani Bakano Musulmi da ya gama karatun injiniya ya kama aiki a masaƙa. Hudu ne ya san duk wanda zai je gida da duk wanda zai dawo, shi ma kansa yakan je duk bayan shekara biyu. Kasancewar ɗaya Bakano ɗaya Bazazzagi, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Bawana," in ji Hudu, ana saura kwana uku ya tashi, a ƙarshen 1981. "Wannan karon ma wasiƙa za ka ba ni? Ina kaset ɗin?"

"Ban gama ba."

"Shekara biyu fa! Ni a shekara biyu na yi aure, na sayi mota, na yi tumbi. Kai kwana uku sun gagare ka."

"Kai me ka sani ban da ciniki? Akwai wanda ya kwashe kusan shekara goma sha biyar a kan wannan shafin."

"Shi tsohonsa yana zaune a ƙofar gida yana jiransa?"

Sanda ya ci gaba da gutsurar tuwo. Hadijatu, matar Hudu, ba mai yawan sa baki ba ce, amma ran nan ta ajiye ludayi.

"Malam Sanda, ni ma 'yar fari ce. Bara innata ta aiko a tambaye ni yadda ake haɗa yajin daddawa. Ita fa ta koya mini. Ka ga ai ba yajin take tambaya ba."

"Hajiya, ba ki san shi ba. Ba ya magana a banza. An ƙure shi ne a gaban mutane, ya ce in nemo. In aika masa da gaisuwa kawai, in ce me?"

"Ka ce ina wuni."

"Sai a kunna a tsakar gida, kowa ya taru, a ji ɗan da aka tura ƙasar Turawa ya ce ina wuni."

Hudu ya tafi da wasiƙa.

A shekarar da ta biyo baya karatun gona ya lalace. Sanda ya fi zama a hawa na uku fiye da ɗakin gwaji, ya faɗi jarrabawa sau biyu, tallafin gwamnati kuma ya tsaya. Takardunsa na zama suka ƙare. In ya fita ƙasar ba zai iya dawowa ba, in ya koma gida ba abin da zai nuna. Ya samu aiki a wani gandun renon shuke-shuke a McLeansville, ya koma wani ɗaki a bayan gandun. A wasiƙun da yake wa Daso yakan rubuta cewa karatu yana tafiya. A takarda yana iya wannan. Da murya ba zai iya ba, domin Malam Maikano mutum ne da yake gane mai ƙarya tun daga sallamarsa.

Akwai wani ƙaramin coci kusa da gandun, can ya koma sujada. Lokaci ne da ƙasar ta ɗau zafi a kan yadda za a koyar da asalin duniya a makarantu, faston kuma yana cikin masu zafin. Wata Laraba a ajin nazari Sanda ya fito da katunansa, ya karanta abin da malaman uku suka ce, ya tambaya wanne ya kamata ya aika wa ubansa. Faston ya saurara, sannan ya jawo shi gefe.

"Ɗan'uwa Sanda, kwana kwana ne, awa ashirin da huɗu. Waɗancan mutanen sun sha ruwan Girkawa ya yi musu yawa."

"Ɗayansu kusan haka ya ce, Fasto, kamar kai. Amma sauran ma ba arna ba ne. Su suka riga mu."

"In ka sassauta shafin farko, sauran shafukan za su zube. Ina roƙonka kada ka sake kawo wannan cikin aji. Akwai masu raunin bangaskiya."

Sanda bai sake kawowa ba. Amma maganar ta zauna masa. Ubansa ya bar abin da kakanninsa suke bauta wa, 'yan'uwansa suka daina cin abinci da shi, duk a kan wannan littafin, kuma da shafin farkon yake buɗe wa'azi a kowane ƙauye. Yanzu a ce masa waɗanda suka fi kowa kusa da tushe ba su daidaita ba, babbansu ma ya ce bai sani ba? Sanda ya ga kamar zai miƙa wa makaho sanda uku ne ya ce ya zaɓa. Ya koma laburare ranakun Asabar, bas biyu zuwa, bas biyu dawowa, yana neman wanda zai raba gardamar. Katuna suka cika kwalin takalmi, ya samo na biyu.

Sau ɗaya ya kusa. A bazarar 1984 wasiƙar Daso ta ce idon Baba ya rufe gaba ɗaya, an jingine keke. Ran Lahadi Hadijatu ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗora rikoda a teburin kicin, ta sa nasu kaset ɗin, ta danna, ta tura Hudu waje ta bi shi ta ja ƙofa.

Sanda ya jera katunansa. Ya ce, "Daso, ki gaya wa..." sai ya tsaya, domin an ce da bakinsa. Ya ce, "Baba." Bai taɓa faɗin wannan kalmar ya ɗora wata doguwar magana a bayanta ba. Bai san da wace murya ake yi ba. Ya dubi katin farko, ya ga Hausar ta yi kama da ta malamin makaranta. Ya dubi na biyu. Rikoda tana ta juyawa har ta kai ƙarshe ta tsaya da kanta.

Da suka dawo suka kunna. Ba kome sai ƙugin firji, da numfashi, da tari guda ɗaya wajen tsakiya.

"Kai, Bazazzagi," in ji Hudu, "wannan wa'azi ya ratsa ni." Amma bai yi dariya ba.

"A aika da shi haka," in ji Hadijatu. "Tarin naka ne. Wallahi zai gane shi."

Sanda ya ciro kaset ɗin, ya sa farce ya zaro zarensa har ya taru a tafinsa, ya ce zai saya musu wani.

Sai a ƙarshen 1985 ya daina neman mai raba gardama. Yana sake bin bishop ɗin nan na Afirka, ya tarar da wani abu da ya sha wucewa: mutumin ya lura cewa kowane kwana a labarin an ambaci yammarsa, ban da na bakwai, ranar hutu. Ita ba a ce ta yi yamma ba. Ya ɗauki wannan alamar hutun da ba ya ƙarewa. Sanda ya zauna a lungun har aka zo rufe laburare. Ya ga abin da zai faɗa ke nan. Zai ce, Baba, su ma ba su sani ba, kuma rashin sanin bai fitar da su daga bangaskiya ba; ga abin da wannan ya ce, ga na wancan; amma ga wani abu a kan kwana na bakwai da wanda ya tare ka a kasuwa bai tambaya ba. Zai kuma faɗi maganar karatu, a ƙarshe, a gajarce.

Hudu zai tashi a watan Janairu. Sanda ya ce a ba shi mako guda ya gyara Hausar. Makon ya cika bai gama ba.

"Akwai mai tafiya da bikin Ista," in ji Sanda. "Zan ba shi. Ka dai kai wannan wasiƙar, ka ce yana nan tafe."

"Ka rantse."

"Mu ba ma rantsuwa."

"Shi ya sa ba a gama ciniki da ku."

Hudu ya dawo cikin Maris. Bai jira Lahadi ba. Da hantsin wata Talata Sanda yana cikin rumfar roba yana cika farantan shuka da ƙasa, ya hango motarsa ta tsaya a bakin gandun. Hudu ya fito bai ce bawana ba. Ya ce, "Malam Sanda, zo mu zauna a mota." Suka zauna. Hudu ya tura kaset cikin rediyon motar, ya juya fuskarsa wajen taga.

Muryar Daso ce, ita kaɗai, ba awaki ba kowa. Ta ce Baba ya rasu kwana goma sha biyu kafin Hudu ya iso ƙauyen, zazzaɓi ne na kwana huɗu, an binne shi a bayan coci. Ta ce tun shekarar da aka aiko da saƙon nan ya sayar da tunkiya ya sayi rikoda tasa ta kansa, tana ajiye wajen kansa. Duk ranar kasuwa sai ya sa an duba batir ko ya yi sanyi. Duk wanda ya zo daga birni sai ya ce a tambaye shi ko an ba shi wani abu. Sai aka ji tana magana da wani a gefe.

"Yaya, Inna ta ce in gaya maka. Ta ce ba wanda ya tare shi a kasuwa. Tambayar taka ce. Kai ka yi ta kana ɗan shekara tara, a hanyar dawowa daga coci, ya ce ta ce maka ka yi shiru. Ta ce da malamin makaranta ya ji a rediyo an yi harbi a garinku, kwana biyu Baba bai ci abinci ba. Wasiƙarka ta zo, ya ce takarda kowa ma yana iya rubutawa. Ya rasa yadda zai ce a sa ka yi magana ya ji, shi ne ya tuno da ita."

Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa ba magana. Hudu ya kashe.

Sanda ya yi ƙoƙarin tuna hanyar, da yaron, da tambayar. Ya tuna hanyar sarai, har da gawon da ke kan kwana. Sauran bai samu ba.

"Mu je gida," in ji Hudu. "Hadijatu ta ce kada in dawo ba kai."

"Sai Lahadi."

"Haba, Sanda."

"An kawo irin tumatir jiya. In ya wuce makon nan ya makara."

Bai sake komawa hawa na uku ba. Kwalayen katunan suna ƙarƙashin gadonsa har ƙarshen shekarun tamanin, lokacin da aka sayar da gandun ya koma wani a Summerfield, ya tafi da su. Kaset ɗin bai bar aljihunsa ba, matan coci kuma ba su daina yi masa addu'ar taba ba.

A Talatar nan dai, ya tsaya har motar Hudu ta hau titi, sannan ya koma rumfar. Ya ƙarasa cika farantan, ya bi su da ɗan yatsa yana huda ramuka, ya zuba iri biyu-biyu kamar yadda ake yi a gida, duk da mai gandun ya sha gaya masa ɗaya ta isa. Ya rufe da ƙasa, ya jawo tiyo ya ba su ruwa.